Horon Diresaj Da Dawakin Hawan Sallah: Wasiƙa Ga Masu Barga A Jihar Kebbi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu dawaki, da 'yan barga, da samarin da ke fita kilisa da yamma a Argungu, Birnin Kebbi, Gwandu, Jega, Yawuri da sauran garuruwan jihar nan. Maganar bakin doki ce. Duk wanda ya zaga barga-barga kashegarin hawan sallah, ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓen dawakin da aka hau, zai tarar da wasu dasashi ya fashe, wasu harshe ya tsage, wasu kuma haɓa ta saluɓe daidai inda zoben linzami ke zama. In ka tambaya, sai ɗan barga ya ce maka, "Ai dokin ga ƙarfin baki garai." Alhali hannu ne ya mai da shi haka. Tsakanin haƙoran gaba da turamen doki akwai fili wanda babu haƙori, ƙashi ne kawai da 'yar fata a kansa, kuma a nan linzami ke kwanciya. In aka yi ta fizga, wurin ya ji ciwo ya warke, ya sake ji ya sake warkewa, sai ya yi kanta. Daga nan doki ba ya jin taɓi mai sauƙi, sai a koma wurin maƙeri a ce ya ƙero wanda ya fi wancan kaifi.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan matsala ba. Makiyayan shanu na yammacin Amurka, waɗanda muka sani da kaboyi, hawansu ya yi kama da namu ƙwarai: sirdi mai nauyi mai tudu gaba da baya, kamazuru a hannu ɗaya don ɗayan na riƙe da igiya kamar yadda namu ke riƙe da mashi, linzami mai dogayen ƙafafu (ƙarafan gefe da ake ɗaura wa kamazuru), da tsayawa ta farat ɗaya wadda doki ke zamewa a kan ƙafafun baya, wato zamiyarmu ke nan. Kamannin ba banza ba ne. Hawansu ya samo asali daga Sifaniyawa da suka kai dawaki Meziko a 1519, su kuwa Sifaniyawa sun ɗauki abubuwa da yawa daga mahayan Arewacin Afirka, har da linzami mai zobe da ke zagaye haɓa, irin wanda ke rataye a bargarmu yau. A wannan zamani mahayansu da yawa sun koma suna aron horon Turai da ake kira diresaj, wato koya wa doki bin umarnin mahayi da taɓi mai sauƙi, suna yin sa da sirdinsu da kayansu. A 2010 suka kafa ƙungiyar ƙasa ta musamman don wannan, kuma suna gasarta a jihar Oklahoma. Ba su jefar da sirdin kakanninsu ba, mu ma ba ma kira a jefar da namu.

Shi diresaj horon dawakin yaƙi ne tun asali, ya shiga wasannin Olamfik a 1912. Jamusawa sun jera shi hawa shida, kowane yana kan na ƙasansa: taku ya daidaita, doki ya saki jiki, ya karɓi linzami da yardarsa, ƙarfin tafiya ya riƙa fitowa daga ƙafafun baya, ya miƙe sak ba ya karkata, sannan a ƙarshe ya tattara jikinsa ya ɗauke nauyi daga gaba. Taƙama da zamiya duk a hawa na shida suke. Mu kuwa da shi muke farawa, mako biyu kafin sallah, ga doki ya shekara a turke yana cin dawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da shekaru. Haƙoran tsakiya na girma suna fitowa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Wannan duk dillalin dawaki ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙashin baya ne ke ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 6. Don haka dukushi ɗan shekara 3 ana iya ɗora masa sirdi mara nauyi da yaro mara jiki, amma zamiya da lifidi su jira sai baki ya cika. Ƙa'idar nauyi kuma ita ce mahayi da sirdi da kayan ado kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan kilo 70 ne haƙƙinsa. A lissafa sirdin katako, da zubka, da likkafun ƙarfe, da babban mutum cikin rawani da alkyabba, a ga inda aka tsaya.

Fili ba ya bukatar kuɗi. A samu wuri shimfiɗaɗɗe mita 20 a faɗi, mita 40 a tsawo, wanda shi ne ƙaramin filin diresaj (babban mita 20 ne da 60). Ƙasar ta zama mai ƙarfi a ƙasa, da rairayi kamar santimita 5 zuwa 8 a sama. Yashin bakin gulbi mai zurfi yana ja wa doki ciwon jijiyar ƙauri, fako kuma yana bugun gaɓoɓi. A kafa turke, a ɗaura igiya mita 10, a zagaya da ita ana zuba toka: an sami da'ira mai faɗin mita 20, kuma a kanta za a yi rabin aikin. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, a yi aiki bayan asuba a gama kafin hantsi. Minti 30 zuwa 40 ya isa: goma na farko tafiya da sakakken kamazuru, goma na ƙarshe ma haka. Kwana biyar a mako ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Sai linzamin koyo. A rataye namu na gargajiya mai zoben haɓa tukuna, a nemo mai gaɓa a tsakiya da zobe ɗaya a kowane gefe, wanda ba shi da ƙafafu. Ana samunsa wurin 'yan ƙwallon dawaki, maƙerin gari ma zai ƙera in an kai masa samfuri. Kaurinsa milimita 14 zuwa 16, a goge shi sumul, kada a bar ƙaya ko tsatsa a gaɓar. Faɗinsa a auna da kara a bakin dokin, a bar rabin santimita kowane gefe. A ɗaga shi har ya yi 'yar tattara ɗaya ko biyu a kusurwar leɓe. In ya yi ƙasa yana bugun haƙora, doki ya koyi ɗora harshe a kansa. Bambancin linzaman biyu lissafi ne. Mai gaɓa, kilo ɗaya ka ja, kilo ɗaya ya isa baki. Mai ƙafafu kuwa aikin ƙarfen cire ƙusa yake yi: in ƙafar ƙasa santimita 12 ce, ta sama 4, to ja na kilo 5 ya zama kusan kilo 15, harshen linzamin ya daki ganɗa, zoben ya matse haɓa. A gasa da yawa a Amurka, dokin da bai wuce shekara 5 ba ana hawansa da hannu biyu da linzami mai gaɓa ko da ragamar hanci, sai ya girma a sa masa mai ƙafafu. Tsofaffin makiyayan Kalifoniya ma shekaru suke ɗauka kafin su kai doki ga babban linzami, kuma in ya kai, da yatsu ake sarrafa shi.

Kafin a sa kowane ƙarfe a baki, a duba haƙora. Turamen doki suna yin kaifi, na sama ta wajen kunci, na ƙasa ta wajen harshe. Dokin da ke zubar da tsabar dawa yana ci, ko yake karkata kai in an ja gefe ɗaya, sau da yawa wannan ne ciwonsa, kuma likitan dabbobi na goge su da magagari, sau ɗaya a shekara. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ga wanda bai sami mai yi a kusa ba.

Darasi na farko a ƙasa ake yin sa, da ragama. Ka tsaya gefen kafaɗa, ka ja igiya a hankali zuwa gefe, ka riƙe haka ba ƙari ba ragi. Da zarar ya ba da kai ko da taki ɗaya ne, ka saki nan take. Sakin ne ke koya masa, domin doki yana maimaita abin da ya kawo masa sauƙi. In ka yi jinkirin daƙiƙa uku, ka koya masa wani abu dabam. Haka za ka danna yatsu a haƙarƙari, taki ɗaya bayan inda majayi ke wucewa, har ya matsar da gindi gefe, ƙafar baya ta ƙetare 'yar'uwarta. Sau biyar kowane gefe. Yawancin dawaki gefe ɗaya ya fi musu sauƙi, kuma tunda ta hagu muke ja, ta hagu muke hawa, dama ce ke zama baƙuwa. A ba ta ƙarin lokaci. Daga nan a zagaya da shi a da'ira da doguwar igiya mita 8 zuwa 10, kada ya wuce minti 20, ana sauya hannu kowane minti biyar, ana haɗa kowane taku da murya ɗaya wadda ba ta canzawa.

In an hau, kunne ne alƙali. Tafiya bugu huɗu ce daidai wa daida, sassarfa bugu biyu, ƙafar gaba da ta bayan da ke kishiyarta suna sauka tare, ƙaramar sukuwa bugu uku. In bugun ya rikice, doki a tsorace yake ko wani wuri na masa ciwo. Akwai gwaji mai sauƙi: a share rairayi da tsintsiya, a bi da doki yana tafiya, a sauka a duba sawu. In kofaton baya ya sauka cikin sawun na gaba ko ya wuce shi, bayansa a sake yake. In ya gaza da taki guda, to an takure shi, kuma duk abin da aka gina a kan haka ba zai tsaya ba.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato sauya taku. Doki a tsaye kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, mahayi ya hau ya ƙara. Zamiya kuwa tana bukatar nauyin ya koma baya, ƙugu ya lanƙwasa, ƙafafun baya su shige ƙarƙashin ciki. Tsoka ce ke yin wannan, kuma tsoka watanni take ɗauka. Hanyar gina ta ita ce a riƙa sauyawa: tafiya taku goma, tsayawa, tafiya, sassarfa taku ashirin, tafiya, haka har sau ashirin ko talatin a zama ɗaya. Kowace tsayawa da tsarinta. Ka fara da zama: ka miƙe, ka sauke numfashi, ka daina bin motsin doki da ƙugunka. Sai murya. Sai ka rufe yatsu a kan kamazuru ba tare da ka ja hannu baya ba, ƙafafunka na nan a jikinsa don na baya su shigo. Ya tsaya, ka buɗe yatsu. In aka kiyaye wannan jeri kullum, doki zai gane cewa zama ne ke zuwa kafin ƙarfe, ya riƙa tsayawa tun a zaman. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jingina baya, a tura likkafa gaba, a ɗaga hannu sama. Wannan na danna bayan sirdi a gadon bayan doki, bayan ya lotsa, kai ya tashi, ƙafafun baya su tsaya can a baya, ya dira a kan na gaba. Mai kallo daga nesa zai ga ƙura ya yi tafi, amma gwiwoyin gaba ne suka biya.

Akwai kuma rabin tsayawa, wadda Turawa ke ji da ita: ka yi duk abin da ke sama na taku ɗaya tak, kafin ya tsaya ka saki ka ci gaba. Sanarwa ce cewa wani abu na tafe. Ana yin ta kafin kwana, kafin sauya taku, da duk lokacin da doki ya fara rataya a hannu.

Bayan wata biyu ko uku sai a shiga aikin gefe. Na farko, kana tafiya ka danna ƙafar hagu kaɗan bayan majayi, doki ya tafi gaba yana matsawa dama, jikinsa a miƙe. Taku uku ya isa a farko. Wannan shi ne ke fitar da mutum kunya a tsakiyar ayari, lokacin da ake son a matsa a ba Sarki hanya ba tare da doki ya juya gindi ga jama'a ba. Na biyu shi ne shigar da kafaɗa, wanda wani malamin hawa Bafaranshe, La Geriniyer, ya bayyana a 1733. Kana bin gefen fili, ka shigo da kafaɗun doki ciki kamar digiri 30, gindi na kan layi, ƙafarka ta ciki a kan majayi tana tura shi gaba. Wanda ya tsaya a gabanku zai ga layin ƙafafu uku. Amfaninsa shi ne ƙafar baya ta ciki ce ke shiga ƙarƙashin ciki ta ɗauki nauyi, a kowane taku. In ka ga wuya ne kaɗai ya lanƙwasa, kafaɗa na nan a layi, to ka ja kamazurun ciki fiye da kima. Ka sassauta shi, ka riƙe na waje. Ja da baya ma a koya shi a nan, taku uku ko huɗu, ƙafafu bibbiyu a tsallake kamar a sassarfa, sannan a tafi gaba nan da nan. Dokin da aka fizga baya da ƙarfi ba a ba shi mafita ba, sama zai nema, kuma nan tabarya ke samo asali.

Ƙaramar sukuwa tana da dama da hagu, abin da samari da yawa ba su kula da shi ba. In ana zagayawa hagu, ƙafar gaba ta hagu ce ya kamata ta riƙa miƙawa gaba. Don a samu haka, a nema a kwana: ƙafarka ta ciki a kan majayi, ta waje taki ɗaya a bayansa, ita ce ke tayar da ƙafar baya ta waje wadda ke fara bugun. Dokin da ya shiga kwana da ƙafar da ba ita ba shi ne ke tuntuɓe ko ya zame.

Sai an sami duk wannan ake taɓa zamiya, kuma hawa-hawa: tsayawa daga sassarfa, sannan daga ƙaramar sukuwa a layi miƙaƙƙe, sannan a ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Sau biyu ko uku a zama ɗaya, ba kullum ba. A tuna cewa dawakin Amurka da ke zamewa mita da yawa an sa musu takalman ƙarfe masu faɗi da santsi a ƙafafun baya, an ɗaura musu fata a dunduniya, filin kuma an gyara shi musamman. Namu ba takalmi, kuma sau da yawa a kan kwalta ake sa su. Kwalta na cin kofato, tana saluɓe fatar dunduniya, tana kumbura gwiwar baya. In hanyar ƙofar fada kwalta ce, a zuba rairayi a inda za a yi jafi, ko a rage gudu tun da nisa.

Komawa riƙe kamazuru da hannu ɗaya, bayan horo da hannu biyu, ba wuya in an bi tsari. Kana da hannu biyu, duk lokacin da za ka juya hagu ka fara kwantar da kamazurun dama a wuyansa, sannan ka buɗe na hagu. Bayan makonni zai riƙa juyawa tun a taɓin wuya. Lokacin ne za a mayar da linzamin gargajiya, a fara da minti goma a ƙarshen darasi, da tafiya kawai. Zoben ya zama yatsa biyu na shiga tsakaninsa da haɓa, a naɗe shi da fata mai laushi, kamazuru kuma ya ɗan yi lilo. Kaimi ma haka: taɓi ne, kuma dokin da aka horar da ƙauri da wuya ya bukace shi.

Taƙamar gaske da ta dole ana gane su daga nesa. Ta dole, an riƙe baki an soka kaimi, doki ya buɗe baki, yana kaɗa wutsiya, tsokar ƙasan wuya ta kumbura, ƙafafun gaba na ta sara ƙasa na baya na jan jiki. Ta gaske, gindi ya ɗan sauka, ƙeya ce mafi tsawo, hanci na ɗan gaban goshi kaɗan, baki a rufe da 'yar farar kumfa a leɓe, bugun kuma yana tafiya daidai da tambari.

Abin da ya rage shi ne hayaniya. Dokin da bai taɓa jin kakaki, algaita ko bindiga ba sai ranar hawa, dole ya yi tutsu, kuma a ranar ce ake yi masa mafi munin fizga. A gayyato makaɗa su yi nesa da fili kamar mita 100 yana cin harawa, kowace rana su ɗan matso. Kayan ado a sa su ɗaya bayan ɗaya cikin makonni. A duba sirdi: bayan an ɗaure majayi an hau, yatsa biyu zuwa uku su shiga tsakanin goshin sirdi da doron doki. In an sauke, gumi ya zama bai ɗaya. Busasshen wuri a tsakiyar gumi, ko farin gashi da ya fito daga baya, alamar matsi ce, kuma miki na hanya. Dawa kuma a rage ta ranar da ba aiki, a ƙara harawa da ciyawa har su kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, wato kilo 5 zuwa 7 ga doki mai kilo 350, da ruwa isasshe, wanda a bazara kan kai lita 40 ko fiye.

Roƙonmu ga masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, musamman masu riƙe da sarautun dawaki da shamakai, shi ne a keɓe fili ɗaya mai mita 20 da 40 a kowane gari don samari su yi wannan aiki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, yana tara jama'a daga ko'ina. A ƙara masa gasa ta minti biyar ga kowane doki, da sirdinmu da kayanmu: da'ira dama da hagu, matsawa gefe, ja da baya taku huɗu, ƙaramar sukuwa ta kowane hannu, da tsayawa a kan layin toka. A gasar diresaj ta duniya, in alƙali ya ga sabon jini a bakin doki ko a haƙarƙarinsa, an fitar da shi ke nan. Mu ma a sa likitan dabbobi a bakin fili ya ɗaga leɓe kafin shiga da bayan fita, maki kuma a rubuta shi a takarda a miƙa wa mahayi, ya ga inda ya samu da inda ya rasa.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da dawaki,
Argungu, Jihar Kebbi.